Yadda mai ciwon sukari zai kula da jijiyoyin zuciyarsa

Mafi yawan masu ciwon sukari a Maradi lamba guda suka sani, ta sukarin jini, wadda na'ura ke nunawa idan an soki yatsa da safe. In ta nuna 1,10 hankali ya kwanta, in ta haura 2 a shiga damuwa. Amma abin da ya fi raba masu wannan ciwo da duniya shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya gare su ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa huɗu. Mutum na iya riƙe sukarinsa daidai shekara da shekaru alhali jijiyoyin zuciyarsa na ta cushewa, don ba wanda ya waiwayi hawan jininsa, ko kitsen jininsa, ko tabar da yake sha. Wannan bayani na wanda likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun ƙuntace ne, da wanda ake zaton haka gare shi, da mutanen gidansu, saboda rabin aikin yana hannun mai girki da ɗan da ake aike sayen magani.

Zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar jini, kuma tana samun nata rabo ta manyan jijiyoyi uku da suka kewaye ta, kaurin kowace bai wuce milimita uku ko huɗu ba. Sukari mai yawa da hawan jini da hayaƙin taba suna ƙuje bangon jijiyar ta ciki, kitse ya samu wurin maƙalewa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a garkar bakin Gulbi ya san yadda laka ke taruwa cikin tiyo: ruwan da ke fita ya ishi fangali ɗaya ko biyu, amma ranar da ake son shayar da garka duka sai ya gaza. A zaune jinin ya ishi zuciya. Da an hau tudu, ko an ɗauki buhu, ko rai ya ɓaci, sai ya kasa, ƙirji ya ɗaure. Ranar da kitsen nan ya tsage, jini ya daskare a kansa ya toshe hanyar ɗungurungum, wannan shi ne bugun zuciya, kuma naman da jini bai kai masa ba yana fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30.

Da farko, a tabbatar da ciwon

Alamar da aka fi sani ita ce nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji lokacin tafiya ko aiki, wani lokaci ya gangaro hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, in an tsaya an huta minti kaɗan ya lafa. Sai dai ciwon sukari da ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, don haka mutum da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin ko kaɗan. Abin da suke ji shi ne haki a tafiyar da a da ba ta gajiyar da su, daga gida zuwa masallaci, ko zufa mai sanyi ba dalili, ko tashin zuciya, ko zafi a ƙahon zuci. Wannan na ƙarshen ne ya fi yaudara. A ce olsa ce, a jiƙa kanwa a sha, a kwanta. Mata da tsofaffi sun fi faɗawa cikin wannan. Ni a gani na, duk mai ciwon sukari da ya haura shekara 40, in zafin ƙahon zuci na zo masa da tafiya ya tafi da hutu, zuciya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Ka fara da CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, in shi ya fi kusa, amma ka nemi majo ya ba ka takardar zuwa babban asibitin jiha ko asibitin Référence, inda za ka ga likitan zuciya. Can za a yi maka ECG, wato awon lantarkin zuciya, da eko, wato hoton zuciya, don a ga ƙarfin bugawarta. Ka sani ECG da aka ɗauka kana kwance lafiya lau yana iya fitowa fes alhali jijiyar ta ƙuntace, shi ya sa bayanin bakinka ya fi takardar nauyi. Ka faɗi abin da kake yi lokacin da ciwon ke zuwa, minti nawa yake ɗauka, me ke kwantar da shi, kuma ko ya ƙaru a makonnin nan. Ka zuba duk magungunan da kake sha cikin leda ka tafi da su, har da na gargajiya da na ƙarfin maza, kada kunya ta sa ka bar wani a gida.

Na biyu, lambobi huɗu cikin karne

Ka ware shafi a karnen asibitinka, ka ja layi huɗu.

Layin farko na sukarin yau da kullum ne. Da safe kafin a ci komai ana son shi tsakanin 0,80 da 1,30, awa biyu bayan cin abinci kuma ƙasa da 1,80. In daga Katsina ko Kano aka sayo maka na'urar za ka ga tana nuna 130 maimakon 1,30. Abu ɗaya ne, waƙafi kawai ya matsa. Layi na biyu na HbA1c ne, awon da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku da suka wuce. Ga mafi yawan mutane ana son shi ƙasa da kashi 7, amma ga dattijo ko wanda zuciyarsa ta riga ta raunana likita kan bar shi kusa da 8. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya faɗa wa likita, don awon nan yana iya ba da lambar da ba daidai ba a jikinsu. Na uku tansiyo, wato awon hawan jini, ana son ta ƙasa da 13/8. A auna ta bayan an zauna minti biyar, ba a sha shayi ko taba ba, ba a ci goro ba cikin rabin awa. Na huɗu shi ne mugun kitsen jini, LDL. Ga wanda jijiyar zuciyarsa ta riga ta kamu, ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai tun 2019 ta ce a sauke shi ƙasa da 0,55. Sau ɗaya a shekara a ƙara da awon ƙoda, wato kreyatinin a jini da furotin a fitsari, a duba ido, a duba ƙafa.

Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba? A Danmak an bi masu ciwon sukari 160 a binciken da ake kira Steno-2. Rabinsu aka yi musu kulawar da aka saba, rabi kuma aka matsa a kan komai lokaci guda, sukari da tansiyo da kitse da abinci da barin taba. Bayan shekara 21, waɗanda aka matsa musu sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara 8. A ɗaya ɓangaren, a 2008 an dakatar da wani sashe na binciken ACCORD a Amurka da Kanada, mai mutum fiye da dubu 10, saboda waɗanda aka yi ta ƙara wa magani don a sauke sukarinsu ƙasa ainun sun fi mutuwa. Ke nan bin sukari shi kaɗai da ƙarfin tsiya ba ya tsare zuciya, yana ma iya cutar da ita.

Na uku, magungunan zuciya

Nan ne aka fi samun matsala, don haka zan ɗan daɗe. Sau da yawa za ka ji dattijo ya dawo asibiti yana cewa, "Likita, ai na samu sauƙi, shi ya sa na ajiye maganin." Magungunan nan ba na jin sauƙi ba ne. Aikinsu hana jijiya toshewa, kuma daga ranar da aka daina su kariyar ta fara gushewa.

Asfirin ƙarami, miligram 75 zuwa 100 sau ɗaya a rana, wanda a farmasi za ka same shi da sunan Kardégic ko Aspégic, yana hana jini daskarewa a kan kitsen. A sha shi bayan abinci. In ka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko kana aman jini, ka tafi asibiti a ranar. Wanda asfirin bai karɓe shi ba ana ba shi clopidogrel. Amma wanda ke da ciwon sukari kawai, ba a same shi da ciwon zuciya ba, kada ya fara asfirin da kansa don ya ga maƙwabci na sha.

Maganin kitse, atorvastatine miligram 40 zuwa 80 ko rosuvastatine, shi ne wanda aka fi saurin yasarwa, saboda ba a jin aikinsa a jiki. Duk da haka kowane saukar LDL da kimanin 0,40 yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ana shan shi ko da awon farko ya nuna kitsen bai yi yawa ba, kuma ko mutum siriri ne. In ya kawo ciwon gaɓoɓi da tsoka a koma wa likita ya rage ko ya canza, in kuwa fitsari ya koma kalar shayi a dakata a je nan take.

Magungunan tansiyo irin su ramipril, enalapril da captopril suna tsare zuciya da ƙoda tare. Wasu suna sa busasshen tari mai naci, sai a musanya da losartan. Mako ɗaya ko biyu bayan farawa a auna ƙoda da sinadarin potasiyom na cikin jini. A jikin baƙar fata sau da yawa ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai an haɗa da amlodipine, kuma wannan ba alamar ciwo ya yi tsanani ba ce. Macen da ke da ciki ko take neman haihuwa ta faɗa tun kafin a rubuta mata, don irin su ramipril da losartan suna cutar da ɗan tayi, maganin kitse ma akan dakatar da shi.

Bisoprolol da atenolol suna rage gudun zuciya don ta daina neman jinin da ba za ta samu ba. Abu biyu game da su: ba a yanke su kwatsam, don ciwon na iya dawowa da ƙarfi, kuma suna ɓoye faɗuwar gaba da rawar jiki da ke gargaɗin sukari ya sauka. Zufa ce kawai ke saura, don haka mai shan su ya ɗauki zufa ba dalili da muhimmanci.

Sai trinitrine, ƙwaya ko feshi da ake sa wa ƙarƙashin harshe lokacin da ƙirji ya ɗaure. A zauna kafin a sa, don tana sauke tansiyo har jiri ya kwashi mutum. Ta kasance cikin aljihu, ba cikin akwati a ɗaki ba. Ga gargaɗin da nake so kowane magidanci ya riƙe: trinitrine da maganin ƙarfin maza irin sildenafil ba sa haɗuwa. Wanda ya sha sildenafil cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48, in ya sa trinitrine tansiyonsa na iya faɗuwa har ya rasa ransa. Kuma yawancin zuma da garin "gyaran maza" da ake tallarsu a tasha da kasuwa ba ka da tabbacin abin da aka zuba ciki. Raunin mazakuta ya zama ruwan dare ga masu ciwon sukari, ciwon jijiya ne shi ma, a faɗa wa likita ya san yadda zai daidaita.

Game da kuɗi, gaskiya ce magungunan nan nauyi ne a kan aljihu, kuma ba na wata ɗaya ba ne. Ka ce wa likita kai tsaye, "Ga abin da nake iya saye a wata." Zai rubuta maka jenerik, wanda aikinsa ɗaya da mai babban suna, ya kuma nuna maka waɗanda ba a taɓa tsallakewa. Wannan ya fi ka riƙa shan ƙwaya yau ka huta gobe don ta kai ƙarshen wata. Ka saya a farmasi, ba a tiren mai yawo da magani cikin rana ba. Kuma ka nisanci diclofenac da ibuprofène da ake sha don ciwon jiki, suna ɗaga tansiyo, suna lalata ƙoda, suna sa jini zuba in an haɗa da asfirin. Paracétamol ya isa. Ƙwayoyin ƙiba masu dexaméthasone kuwa suna harba sukari sama.

Na huɗu, maganin sukarin da ya dace da zuciya

Metformine ita ce tushe ga mafi yawan mutane, ba ta da tsada, ba ta cika faɗar da sukari ba. A sha ta cikin abinci don kada ta ɓata ciki. In ƙoda ta yi rauni sosai likita zai rage ko ya cire ta. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, yana da araha amma yana faɗar da sukari ƙwarai, musamman ga tsoho ko wanda bai ci abinci a kan lokaci ba. Ka tambaya ko za a mayar da kai gliclazide. Akwai kuma sababbi da aka tabbatar suna tsare zuciya da kansu. A 2015 bincike ya nuna empagliflozine ya rage mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 38 cikin ɗari ga masu ciwon sukari da suka riga suka kamu da ciwon jijiyoyi. Shi da dapagliflozine suna fitar da sukari ta fitsari, don haka suna ƙara fitsari da ƙishirwa, suna iya kawo ƙaiƙayin gaba, kuma suna da tsada. Wanda ke da hali ya tambayi likitansa a kansu. Wanda aka sa wa insulin kada ya ɗauka ƙarshensa ne ya zo. In ba firji, a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, nesa da rana, kuma kwalbar da aka buɗe a yi amfani da ita cikin mako huɗu.

Faɗuwar sukari ƙasa da 0,70 haɗari ce ga zuciya mai ciwo, tana iya rikita bugunta. Alamunta yunwa mai tsanani, zufa, rawar hannu, ganin dishi-dishi, magana ba kan gado. A ba mutum ƙwayar sukari uku, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a kai shi asibiti. Ƙwayar sukari uku a ƙulle cikin aljihun riga, kusa da trinitrine, kullum.

Na biyar, tukunya

Ba a ce mai ciwon nan ya bar tuwo da fura ba. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi, waɗanda suka mamaye gidajen birni yanzu. Maganar a kan yawa take. Dubi kwanon dare: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa mai yawa, ganye kamar zogale ko rama ko kabeji ya cinye rabin kwanon, sai wake ko kifi ko tsokar nama ba kitse. Fura a dama ta da nono, ba sukari, a sha kofi ɗaya, kada a ajiye ƙwarya a gefe ana kurɓa tun hantsi har la'asar. Wake abokin mai ciwon sukari ne, in za a yi shinkafa da wake to waken ya rinjayi shinkafar. Gyaɗa da aya da riɗi, da Allah ya hore mana a jihar nan, cikin tafin hannu ɗaya a rana yana da amfani, muddin ba mai gishiri ko sukari ba ce.

Gishiri shi ne babban yaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce gram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗaga tansiyo, yajin tsire da na kilishi cike suke da su. A tukunyar da ake jefa dunƙule biyar a koma biyu, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tattasai. Kuma a rage wa gida duka. In uwargida ta ce, "Alhaji, ga naka na dafa daban," kwana kaɗan ne zai fara miƙa hannu kwanon yara. In kuwa tukunya ɗaya ce, cikin ƴan makonni harshen kowa zai saba, ƴaƴan da ke iya gadon ciwon su ma sun amfana.

Man gyaɗa ya fi man shanu da manja da kitsen dabba, amma a auna shi da cokali, kada a tuttula, kuma man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi a zubar. A wurin mai balangu ka ce a yanko maka tsoka, a bar kitse da kayan ciki. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da sukari kusan ƙwaya bakwai. Shayin fada, na farko da na biyu da na uku, kowane da nasa sukari, ka ce a zuba maka naka kafin a sa. Zuma da dabino su ma sukari ne a jini. Lokacin mangwaro, ƙarami ɗaya bayan abinci. Zogale kuwa ganye ne mai kyau, a ci shi a dambu da kwaɗo, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ko ɗaya cikin waɗanda na lissafa.

Na shida, tafiya da taba

Tafiyar ƙafa minti 30, kwana biyar a mako, bayan likita ya ba da izini. A fara da minti 10 a riƙa ƙarawa. Saurin da ya dace shi ne wanda kake iya magana a cikinsa ba tare da haki ya yanke ta ba. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi ta bayan asuba ko gab da magariba. Da hunturu kuma a bari rana ta fito, don sanyin safiya na tayar da ciwon ƙirji. A sa takalmi rufaffe, a duba tafin ƙafa in an dawo. Da ƙirji ya ɗaure a tsaya.

Taba kuwa babu ragi, bari ake yi gaba ɗaya: sigari, shisha, da ta leɓe. Goro a rage shi sosai, yana sa zuciya gudu.

Na bakwai, azumi da ranakun rashin lafiya

Mako shida zuwa takwas kafin Ramadan ka je wurin likita a tsara maka lokutan magani. Wanda bugun zuciya ya same shi ko aka yi masa aiki a watannin baya, ko ƙirjinsa ke ciwo yana zaune, ko sukarinsa ke yawan faɗuwa, ko ƙodarsa ta yi rauni, bai kamata ya ɗauki azumi ba. Aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame, malaminka zai yi maka bayanin ramuwa ko ciyarwa. Wanda aka yarje wa ya auna sukari da rana, sukar yatsa ba ta karya azumi. In ya sauka ƙasa da 0,70, ko ya haura 3, ko ƙirji ya ɗaure, a sha ruwa nan take ko da saura kaɗan a kira salla. A jinkirta sahur, a sha ruwa da yawa tsakanin magariba da asuba.

Da damina, in masassarar cizon sauro ta kama ka, ko amai da zawo, har ba ka iya ci da sha, ka nemi likita a ranar. Metformine, empagliflozine, su ramipril da magungunan sa fitsari ana dakatar da su na ɗan lokaci in jiki ya bushe, don kada ƙoda ta tsaya. Insulin kuwa ba a yanke shi, daidaita shi ake yi. In za a sa maka kinin ka ce kana da ciwon sukari, saboda kinin na faɗar da shi.

Na takwas, sa'ar da ƙirji ya ƙi saki

Wannan sashen a karanta wa duk mutanen gida. In ciwon ƙirji, ko haki mai tsanani, ko zufa mai sanyi da amai suka zo, mutum ya zauna ya jingina, kada ya kwanta rigingine. A auna sukari in na'ura na kusa, don faɗuwarsa na kama da wannan. A sa trinitrine ɗaya ƙarƙashin harshe. In minti biyar suka wuce bai lafa ba, a ɗauka bugun zuciya ne. Ya tauna asfirin miligram 300, ko a kaɗa masa Aspégic 250 a ruwa kaɗan, sai fa in asfirin ba ya karɓarsa ko yana zubar jini. Daga nan sai babban asibiti kai tsaye, sashen gaggawa, ba kilinik ɗin unguwa da ba ta da ECG ba. Kada ya tuƙa babur da kansa, kada a goya shi a kabu-kabu, a nemi mota ko adaidaita. Lambar mai motar da za a kira ko ƙarfe biyun dare a rubuta ta tun yau a bangon karne.

Kada a ce a bari gari ya waye, kada a tsaya jiran babban ɗa ya iso daga kasuwa. Allurar da ke narkar da daskararren jini ta fi aiki a awanni biyu ko uku na farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta kaɗan ne. Wanda ke Madarunfa ko Tibiri ko Gidan Runji ya lissafa da tsawon hanya, ya tashi da wuri. Da isa a ce wa ma'aikacin farko da aka gani, "Yana da ciwon sukari da ciwon zuciya, ƙirjinsa ke ciwo tun ƙarfe kaza," a miƙa karne da ledar magani. Ƙa'ida ita ce a ɗauki ECG cikin minti 10. In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a samu ma'aikatan lafiya.

In an kai ga maganar aiki

Wani lokaci likita zai ce sai an ɗauki hoton jijiyoyin da kansu, ta hanyar zura siririn bututu daga hannu ko cinya a zuba ruwan da ke haska su. Wannan kan sa a tura mutum Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, don haka a tafi da duk takardun awo, kuma a tambaya ranar da za a dakatar da metformine saboda ruwan hoton na taɓa ƙoda. Ba duk ƙuntatacciyar jijiya ake buɗewa ba. In ciwon na lafawa da magani kuma zuciya na da ƙarfinta, magani da gyaran abinci kan wadatar. In jijiya ɗaya ce ta matse sosai ana sa ɗan ƙarfen raga da ake kira stent ya buɗe ta. In biyu ne ko uku, ga mai ciwon sukari tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya ta fi ɗorewa: a binciken FREEDOM na 2012, mai mutum 1900, cikin shekara biyar kusan kashi 27 na masu stent sun mutu ko sun samu bugun zuciya ko shanyewar jiki, a masu tiyata kuwa kusan kashi 19. Ka nemi a yi maka bayanin hanyoyin biyu a gaban wani naka kafin ka sa hannu.

Wanda aka sa wa stent zai sha asfirin da clopidogrel tare, galibi wata 6 zuwa 12, kuma tsallake su ko na kwana kaɗan ne na iya toshe ƙarfen. Kafin ka baro Yamai ka sayi na wata biyu ko uku, ka tabbatar da farmasin da ke kawo shi a Maradi, ka riƙa sayen sabo tun saura na mako guda. In za a cire maka haƙori ko a yi maka wata tiyata, ko wanzami zai yi maka ƙaho, ka faɗa kana shan su, kuma likitan zuciya ne kaɗai zai ce a dakatar.